Janaretan da ya gudu: yadda kalmar "run" ta tara ma'ana 645

Ɗan ƙanwata, wanda ke aji biyu a ƙaramar sakandare, ya same ni a zaure bayan Magariba riƙe da littafin aikin gida. An ba su jimloli goma na Turanci su mayar Hausa. Ta huɗu ita ce "The generator ran all night", kuma ya riga ya rubuta amsarsa da fensir: "Janareta ya gudu duk dare."

"Kawu, daidai ne?"

Na ce masa to ina ya nufa, kuma da ƙafar wa? Ya yi dariya, sannan ya tsuke fuska, don a ganinsa laifin ba nasa ba ne. Tun yana aji ɗaya na firamare aka rubuta musu a allo cewa "run" gudu ne, "sit" zama, "come" zuwa, suka yi ta rerawa har ya zauna. Yau kuma a ce masa janaretan da ke ɗaure da sarƙa a bayan ɗaki, ko motsi bai yi ba, shi ma "run" yake yi. Abin da Bature ke nufi, na ce masa, shi ne janareta ya kwana yana aiki.

Yaron bai san cewa da ƙasurgumar kalma ya yi karo ba. A babban ƙamus ɗin Oxford, wanda ke bin tarihin kowace kalmar Turanci tun daga tsofaffin rubuce-rubuce, babu aikatau mai tarin ma'ana kamar "run". Wani masanin ƙamus mai suna Peter Gilliver ya shafe wata tara cur yana kan wannan kalma guda, da aka fitar da aikin a 2011 sai ga ma'ana 645, kuma wannan lissafin na aikatau ne kaɗai, ba a haɗa da inda kalmar ke zuwa a matsayin suna ba. Kafin nan sarautar tana hannun "set". A bugu na biyu na ƙamus ɗin, na 1989, "set" na da ma'ana 430, bayaninta kuma ya ci kalmomi kusan 60,000, wato tsawon wani madaidaicin littafi.

Ita "set" mun san ta, don ta daɗe da shigowa gidanmu ta zama 'yar gida. Akwai saitin kujeru da saitin akwatunan lefe, ana saita agogo, maharbi na saita bindiga, wanda kuka gama makaranta tare seti ɗaya kuke, wanda kuma kansa ke rawa a ce ba shi da saiti. Amma "run" ba mu are ta ba, kuma ina ganin dalilin a fili yake: muna da tamu, mai ƙarfi, mai 'ya'ya da jikoki. Zan dawo kan wannan.

Da farko dai, wannan lamba ta 645 tana bukatar a ɗan rage mata gishiri. Ƙamus ɗin Oxford rumbun tarihi ne, ba ya zubar da komai. Ma'anar da aka daina amfani da ita tun shekara ɗari huɗu tana nan a ciki da lambarta, haka ta matuƙan jirgin ruwa, da ta masaƙa, da ta masu kiwon tumaki a Ostareliya. Sannan masu rubuta ƙamus kansu iri biyu ne, akwai masu tsattsagawa, akwai masu dunƙulewa. Idan ruwa ya yi "run" a kogi, hawaye ya yi a kumatu, majina ta yi a hanci, wani zai ƙirga uku, wani ya ce ɗaya ce. Ƙananan ƙamus na masu koyo ba sa wuce 'yan gomomi. Saboda haka duk wanda ya ce maka Bature na yawo da ma'ana 645 a kansa ya faɗi abin da ba haka ba. Abin da ke kansa hoto ne guda biyu ko uku, sauran duk maƙwabtan kalmar ne ke tantancewa.

Hotunan nan tsofaffi ne. A Turancin da, na kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066, akwai aikatau biyu masu kama da juna. Ɗaya "rinnan", wadda ake faɗa wa ruwa mai kwarara da kuma mai gudu da ƙafa. Ɗayar "ærnan", wato sa wani abu gudu, kamar mahayi da dokinsa. Da tafiya ta yi tafiya, ga kuma tasirin harshen mutanen arewacin Turai da suka zauna a Ingila, sai biyun suka narke suka zama kalma ɗaya. Jamusanci, ɗan'uwan Turanci, har gobe yana riƙe da nasa a rabe: "rinnen" ta ruwa, "rennen" ta ƙafa. Ke nan tun ranar gini kalmar ta zo da zane uku, ƙafa mai sauri, ruwa mai malala, da hannun da ke sa wani abu ya motsa.

Ɗauki reshen ruwa ka ga inda ya kai. Famfo na "run" idan an bar shi a buɗe. Hancin mai mura na "run", mu kuma mu ce yana yoyo. Atamfar da aka jiƙa rininta ya fita ya ɓata farar riga, Bature zai ce launin ya yi "run", uwargida a nan ta ce zanin yana zuba. Daga nan sai abin da ya miƙe kamar kogi ko da ba ya motsi: titi na "run" daga Kano zuwa Zariya, waya na "run" a jikin bango, katanga na "run" a gefen gona. Babu abin da ya gusa, idon mai kallo ne ke bin tsawon abin. Sai kuma a ɗauke shi daga ƙasa a ɗora kan lokaci. Kwangila na "run" shekara uku, wasan kwaikwayo na "run" wata shida, ciwon suga na "run" a dangi, abin da mu za mu ce gado ne. Har abin da ba a faɗa a gaban suruki ya samu shiga: idan ciki ya ɓaci, Bature na cewa yana da "the runs". Mu me muke cewa? Gudawa. Harsuna biyu da ba su haɗa kaka ba, kowanne ya dubi halin da mai wannan lalura ke ciki ya ga gudu.

Reshen ƙafa ya fi shiga siyasa da kuɗi. Ba'amurke mai neman kujera yana "run for president", tamkar tsere ne, wanda ya ɗauka ya mara masa baya kuma "running mate", lafazin da aka ɗauko daga filin sukuwa. Mutumin Ingila a al'adarsa "stand" yake yi, kuma a nan Hausa ta fi kusa da shi, tunda mu ma tsayawa takara muke yi. Ban san abin da wannan ke nunawa game da halin mutanen ba, amma abin dariya ne a ce aiki ɗaya wani na yinsa a guje wani a tsaye. Wanda ya zo na biyu "runner-up" ne. Idan babu wanda ya samu rinjayen da doka ta nema sai a je "run-off", irin zagaye na biyun da aka yi a Nijar ranar 21 ga Fabrairun 2021 tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane. Ka buɗe shafin noma na jaridar da ta kawo wannan labari, sai ka tarar da "run-off" ɗin dai, amma yanzu tana nufin ruwan saman da ƙasa ba ta shanye ba, ya bi gangare ya kwashe taki. A kalma ɗaya ƙafa da ruwa sun haɗu, kuma mai fassarar labarai da bai karanta jimlar har ƙarshe ba zai iya tura manoma rumfar zaɓe.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na banki. Idan jita-jita ta bazu cewa banki na tangal-tangal, masu ajiya suka yi ca kowa na son cire nasa kafin a rufe ƙofa, wannan shi ne "run on the bank". A asali gudun gaske ne. Ko a watan Satumban 2007, lokacin da bankin Northern Rock na Birtaniya ya shiga matsala, an ga dogayen layuka a ƙofar rassansa, tsofaffi da lema a hannu. Amma ranar 9 ga Maris ɗin 2023 masu ajiya a Silicon Valley Bank na Amurka sun nemi cire dala biliyan 42 a yini ɗaya, washegari hukuma ta rufe bankin, kuma yawancinsu ko takalmi ba su sa ba, daga waya da kwamfuta suka yi komai. Duk da haka jaridu "run" suka kira shi. Ƙafar ta fita daga cikin kalmar, firgici da rububin suka zauna. Haka yake a wasan kurket: makin da ake ci sunansa "run" saboda ɗan wasa na gudu tsakanin turaku biyu, amma wanda ya maka ƙwallo ta tsallake iyakar fili ba ta taɓa ƙasa ba, "run" shida za a rubuta masa yana tsaye.

Reshe na uku, na hannun da ke sa abu motsi, shi ne ya yi wa "set" juyin mulki. Marubucin nan Simon Winchester, wanda ya yi rubutu sosai kan tarihin ƙamus ɗin Oxford, ya kawo wannan hujja a 2011, kuma na yarda da rabinta. A ganinsa "set" kalma ce ta zamanin da ake kafa abu a bar shi a kafe, "run" kuwa ta zamanin inji ce. Da masana'antu suka bunƙasa a Ingila daga ƙarshen ƙarni na 18, sai aka samu abubuwa birjik masu motsi ba tare da sun bar wurinsu ba: injin tururi, injin saƙa, fanka, agogo. Ana bukatar kalmar da za ta ce abu na aiki babu tsayawa, sai aka miƙa hannu ga wadda ke kusa. Jirgin ƙasa na "run" a kan lokaci, mota na "run" da fetur, mai masana'anta na "run" ɗin masana'antarsa, daga nan kuma har asibiti da makaranta da gwamnati. Kwamfuta ta zo ta ƙara nata. Duk manhajar da ke cikin wayarka "run" take yi, kuma wanda ya taɓa amfani da Windows ya san ɗan akwatin nan mai wannan suna.

Rabin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗora komai a kan zamani. Wani ɓangare na nasarar "run" aikin ofis ne kawai. Masu gyaran ƙamus ɗin sun fara fitar da bugu na uku ne a shekarar 2000, kuma daga harafin M suka faro, ba daga A ba. Duk kalmar da aka zo kanta aka sake tankaɗe ta da sababbin hujjoji sai ta kumbura. Shi ya sa "make" ta sha gaban "set" na wani lokaci, "put" ta karɓa, sannan "run" ta zo ta wuce su. Gasar ba a kan sikeli ɗaya aka yi ta ba.

A nan ne tarkon yake ga Bahaushe. Idan muka ce mota tana gudu, muna nufin direba ya taka wuta. Idan Bature ya ce "the car is running", mai yiwuwa tana ajiye a ƙofar gida, injin ne kawai ke kunne. Kalmomin sun yi kama har sun yaudare ka, alhali ɗaya na maganar sauri ɗaya na maganar aiki.

To amma duba abin da Hausa ta yi da nata gudun. Ruwa yana gudana. Taro ya gudana lafiya. Shugaba yana gudanar da mulki, hukumar gudanarwa ta zauna, an share magudanar ruwa kafin damina. Wanda yaƙi ya kora ɗan gudun hijira ne, wanda ya kawo maka ɗauki ya ba da gudummawa, wanda ya kauce wa fitina ya guje mata, wanda ya baro can ya nufo nan ya gudo. Ka ga ruwan, ka ga ƙafar, ka ga hannun mai sarrafawa, rassa ukun nan dai da Turanci ya bi. "Run a company" da gudanar da kamfani tunani ɗaya ne. Bambancin shi ne Hausa na canza wa kalmar riga duk lokacin da ta canza mata aiki. Wannan tsari na sauya ƙarshen aikatau, wanda masanin harshen Hausa F. W. Parsons ya kasa gida bakwai a 1960, shi ne ke ba mu sayi, sayo, saye, sayar, sayu. Kunne na jin bambancin tun kafin a kai ƙarshen jimla. Turanci kuwa ya zubar da yawancin irin waɗannan ɗafe-ɗafe tun ƙarnoni da suka wuce, saboda haka kalmar na nan da rigarta ɗaya, sai dai a jingina mata wata 'yar ƙaramar kalma a gaba.

Waɗannan 'yan ƙananan su ne masu kashe mutum. "Run out" ƙarewa ce, kamar man mota ko haƙuri. "Run into" yin kiciɓis da wani a kasuwa, ko kuma afka wa bango da mota, ya danganta da abin da ya biyo baya. "Run over" a bi ta kan mutum da mota, ko taro ya zarce lokacinsa, ko tulu ya cika ya tumbatsa. "Run down" batir ya yi sanyi, ko a kushe mutum a bayan idonsa, ko gida ya lalace don rashin kula. "Run up" tara bashi. "Run through" bitar abu da sauri, ko cinye dukiyar gado, ko soke mutum da takobi har ya fita ta baya. Samuel Johnson, wanda ya wallafa shahararren ƙamus ɗinsa a 1755, ya koka a gabatarwarsa cewa irin wannan haɗi na aikatau da 'yar ƙaramar kalma shi ne ya fi wahalar da baƙin harshe, domin sau da yawa ma'anar ba ta da alaƙar da ido zai gani da kalmomin da aka haɗa. Fiye da ƙarni biyu da rabi ke nan, kuma har yau nan ne ɗalibanmu ke zubar da maki.

Akwai wani abu da na lura da shi a tsakaninmu 'yan boko. Muna ganin gwanintar Turanci tana ga manyan kalmomi, shi ya sa mai jawabi zai zaɓi "administer" ko "operate" ya bar "run". Alhali manyan nan, waɗanda yawancinsu daga Faransanci da Latin suka shigo, su ne masu sauƙi, don kowacce aikinta kaɗan ne, ka haddace sau ɗaya ka huta. Ƙananan na gado, irin su "run" da "get" da "take" da "put", su ne ke tona asirin wanda bai sha harshen ba. Wani masanin harshe na Jami'ar Harvard, George Zipf, ya nuna a 1945 cewa gwargwadon yawan amfani da kalma, gwargwadon yawan ma'anoninta. Kalmar da ke bakin kowa kullum kamar tsohuwar wuƙar kicin ce, da ita ake yanka albasa, da ita ake kwance dunƙulen zare, da ita ake buɗe gwangwani.

Kuma bai kamata wannan ya zama baƙon abu ga mai jin Hausa ba. Na tambayi ɗan ƙanwar tawa ma'anar "ci". Ya ce ai kowa ya sani, cin abinci. Na ce to wanda ya ci jarrabawa, da miya ya haɗa? Ya ci zaɓe, ya ci amana, ya ci bashi, ya ci sarauta, an ci shi tara, an ci masa mutunci, kasuwa tana ci, wuta ta ci gari, rigar ta ci kuɗi, aikin ya ci gaba, mun ci karo. Ga "sha" kuma: ya sha wahala, ya sha kaye, ya sha alwashi, ya sha iska, ya sha kunu, ya sha jinin jikinsa, sun sha bamban, na sha faɗa maka. Masana harshen Hausa Philip Jaggar da Malami Buba sun yi nazarin waɗannan biyun a 2009, suka nuna cewa ba a warwatse suke ba: "ci" ta fi karkata ga wanda ya yi rinjaye, "sha" ga wanda abu ya auka wa. Shi ya sa a zaɓe ɗaya wani ya ci wani ya sha kaye. Babu yaron Kano ko Damagaram da aka zaunar aka ba shi wannan ƙa'ida. Ya ji kalmar cikin jimloli dubu, hoton ya zauna da kansa. Baturen da ya zo koyon Hausa aka rubuta masa a allo cewa "ci" na nufin "eat", ranar da ya ji an ce wane ya ci amanar wane, halin da zai shiga shi ne na yaron nan da janaretansa.

Saboda haka ban ga laifin malamin firamaren da ya ce "run" gudu ne ba, dole a fara daga wani wuri. Inda ake kuskure shi ne a bar yaro a nan har ya kai sakandare, yana ɗaukar kalma kamar kwabo mai daraja ɗaya ko'ina aka kai shi. Abin da na gwada da shi a daren nan shi ne, kafin ya fassara, ya dubi wane ne ke yin "run" ɗin, mutum ne ko ruwa ko inji ko lokaci, sannan ya dubi abin da ke biye da ita. Da wannan ya warware bakwai cikin goma shi kaɗai. Ta tara, wadda ke cewa yarinya tana "running a temperature", sai da na gaya masa zazzaɓi ne, don ni kaina ba zan iya nuna masa ƙafa ko ruwa a cikinta ba, haka kawai masu harshen ke faɗa.

Ta goma ce ta ba mu aiki. An rubuta "The fox got into the chicken run." Ya ce kaji sun gudu. Na ce a'a, nan suna ce, wani ɗan fili ne da ake kewayewa da waya a jikin akurki don kaji su sha iska ba tare da sun fita ba. Ya ajiye fensir ya dube ni.

"Kawu, wato wurin da aka hana su gudu shi ne kuma 'run'?"

Na ce haka ne. Ya rubuta, ya rufe littafin, ya ce gobe zai tambayi malaminsu ko shi ma ya sani.